Ƙafar Mai Takaba

Duk wanda ya san Saude mai turaren wuta a unguwar Fezzan ta Maiduguri, to a tafe ya san ta. Da safe tana kasuwar Gamboru wajen masu itacen turare, kafin azahar ta ɓulla Dala da kwalaben humra a jaka, la'asar kuma ta riske ta a wani gidan biki tana turara kayan amarya. Napep ma sai dole take hawa, wai kafin direba ya gama cika fasinja ita ta isa. Shekara ashirin da shida tana wannan sintiri, tun lokacin da mijinta Alhaji Garzali ya taho da ita Maiduguri daga Kano.

Tafiyar kuwa har da magani a cikinta. Tun haihuwarta ta huɗu jijiyoyin ƙafafunta suka taso, suka murɗe a bayan sharaɓarta kamar igiyar guga da ta cukurkuɗe. Likitan da ya duba ta a wancan lokaci ya ce mata jinin ƙafa hawa yake yi zuwa zuciya, kuma tafiya ce ke tura shi, in ta zauna shi ma ya zauna. Saude ta riƙe wannan magana gam. Duk sanda Alhaji ya yi mita cewa ƙafarta ba ta zama, sai ta ce umarnin likita ne, shi kuma ya yi dariya ya ce ai baki suka haɗa da likitan.

Ranar da Alhaji ya rasu, tana Dala. Ya dawo daga sallar azahar ya yanke jiki ya faɗi a zaure, maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti, kafin a isa rai ya yi halinsa. An yi ta kiran wayarta, wayar tana can ƙasan jaka ƙarƙashin kwalabe, gidan biki kuma ya kaure da guɗa. Ta dawo da yamma, jikinta na tashin ƙamshi, ta tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta.

Washegari yayar Alhaji, Hajiya Lauratu, ta iso daga Kano. Tsohuwa ce mai kusan shekara saba'in, ita ta goya shi yana jariri. Ta rungume Saude suka yi kuka mai isarsu, sannan ta share ido da bakin mayafi, ta ce a hankali, “An ce ba kya gida.”

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta sake tayar da zancen ba. Saude ta gwammace a ce marinta ta yi.

To, sai ta zauna. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, kuma abin da addini ya ce a kanta bai da yawa: mace ta zauna a gidan mijinta, ta bar ado, ta bar turare. Amma a gidansu Hajiya Lauratu takaba tana da 'yan rakiya. Mai takaba a ɗaki take wuni, a kan tabarma guda, ba ta ratsa tsakar gida da rana tunda maza masu gaisuwa suna zaure, ba ta ɗaga murya, ba ta leƙa taga. Saude ta karɓi wannan duka ba musu, har ta ƙara da nata. An kwashe kwalaben humra da kaskon turare an kai maƙwabta, ta zauna a kusurwar ɗaki kusa da gado cikin zane mara ado, ta ƙudurta a ranta cewa wannan karon duk wanda ya zo nemanta zai same ta a gida.

Kada wani ya zaci Hajiya Lauratu muguwa ce. Da muguwa ce da abin ya zo da sauƙi, don mugu ana iya yi masa gardama. Ita kuwa hidima take yi ba ji ba gani. Saude ta motsa kaɗan sai ta ce, “Zauna, me kike so?” Ta kawo mata abinci har tabarma, ta kawo buta da roba ta yi alwala a inda take, ta ɗauke robar da kanta ta je ta zubar. Da tsakar rana ta zauna gefenta tana yi mata fifita. Wanda yake yi maka fifita da hannun da ya tsufa, ta ina za ka fara ce masa ya ƙyale ka ka miƙe?

Banɗaki yana can ƙarshen tsakar gida, daura da ƙofar zaure. Don kada ta riƙa ratsawa a gan ta, Saude ta rage shan ruwa, a cikin zafin bazarar Maiduguri da ko ƙadangare neman inuwa yake yi. Mata kuma ba sa yankewa. Duk gidan da ta taɓa turara wa amarya sai da suka zo, wasu su tashi wasu su zauna. Ba a miƙe wa baƙo ƙafa, saboda haka tun hantsi har magariba ƙafafunta a tanƙwashe suke a ƙarƙashinta, tana amsa “ya haƙuri” da “haƙuri sai ma'aiki.” In ɗakin ya yi shiru sai ta ƙura wa bango ido. Ta san duk wata tsaga da ke jikinsa, ta san lokacin da hasken taga yake isowa ƙafar gado da lokacin da yake barinta. Wani sa'in ta ji ƙarar Napep a layi, ƙirjinta ya yi mata nauyi kamar an ɗora turmi, sai ta yi istigfari ta ja carbi.

A kwana na sha tara ƙafar hagu ta fara yi mata nauyi. Ta ce gajiyar zama ce. A kwana na ashirin da biyu sharaɓar ta kumbura ta yi suntum, fatar tana sheƙi, in ta taɓa sai ta ji zafi kamar gefen tukunya. Silifa ta ƙi shiga. Ta ja zane ta rufe, ba ta gaya wa kowa ba.

Autarta Munira ce ta gano. Ta baro gidan mijinta tun ranar rasuwar tana taya su zama, kuma ta lura uwar ta yi sallar azahar a zaune. Ta durƙusa ta ɗaga bakin zanen, sai ta yi salati da ƙarfi.

“Umma! Tun yaushe?”

“Rage murya, Auta, akwai mutane a zaure.”

Hajiya Lauratu ta matso ta duba, ta girgiza kai. “Sanyi ne ya taru. Ɗora ruwa a wuta, ki miƙo mini man zafi a jakata. In na gasa na murza mata, zuwa gobe ya sace.”

An dafa ruwan, an kawo tsumma. Tsohuwar ta naɗe hannun riga ta lakato man zafi ke nan, sai ga sallamar Ya Gana, maƙwabciyarsu Babarbariya, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Kullum bayan azahar takan shigo gaisuwa.

“Wushe, wushe, ya haƙuri,” ta faɗa tana cire takalmi. Idonta ya sauka a kan ƙafar, gaisuwar ta tsaya mata a baki. Ta yi wuf ta riƙe hannun Hajiya Lauratu. “Hajja, kada ki taɓa. Don Allah kada ki taɓa.”

“Tausa ce kawai, baiwar Allah.”

“Tausar ce abin tsoro.” Ya Gana ta durƙusa, ta ɗora bayan hannunta a ƙafar hagu, ta ɗora a ta dama, ta jera su ta kalla. “Ƙafa ɗaya ta kumbura, ga zafi, ga ciwo, ga mace mai jijiyoyi ta yi sati uku a naɗe. Ina jin jini ne ya daskare a cikin jijiya. In kika murza gudan ya ɓalle, huhu zai tafi, kuma kafin a tsayar da Napep an gama. Hajja Saude, ɗauko hijabinki. Asibiti yanzu.”

Saude ta ja zanenta ta rufe ƙafar. “Ba zan fita ba, Ya Gana. Saura kwana ɗari da takwas.”

“Ƙafar nan ba za ta jira kwana takwas ɗin ba ma, balle ɗari.”

Munira ta fita tsakar gida ta kira mijinta, shi kuma ya je ya sami limamin unguwa. Ba a jima ba ta dawo da amsa. Liman ya ce mai takaba tana fita don lalura, zuwa asibiti halal ne, in ma akwai tsoron halaka to wajibi ne. Saude ta saurara har ƙarshe. Ai ta san wannan tun a Islamiyya. Ita ba fushin Allah take tsoro ba, ta san Shi mai rahama ne. Kalma biyar ɗin Hajiya Lauratu take tsoro, waɗanda aka faɗa mata a ɗakin nan, suka kwana ashirin da ɗaya suna cin ta.

“Ya rasu ba na gida,” in ji Saude. “Yanzu kuma a ce ko takabarsa na kasa zaunawa?”

Ya Gana ta juya ta dubi tsohuwar. “Hajja, ke take jira. Ki ce mata ta tafi.”

Hajiya Lauratu ta goge man zafin a tsumma, yatsa bayan yatsa. “Ni ban hana kowa ba,” ta ce. “Tunda malamai sun faɗa, ni wace ce?”

Wannan ba izini ba ne, kuma duk matan da ke ɗakin sun san ba izini ba ne. Saude ta sunkuyar da kai ta ci gaba da jan carbi. Ruwan gashin ya huce a roba. Ya Gana ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma Barbarci tana yi wa kanta mita, duk a banza. Aka kira la'asar, ƙafar tana zuga kamar ana buga mata guduma daga ciki, Saude tana nan inda take. Tsoro take ji ƙwarai, har tana sauraren numfashinta ko zai sarƙe. Amma tashi daga tabarmar ya fi mata mutuwar wuya.

Sai Munira ta zo ta zauna a gabanta, gwiwa da gwiwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi magiya ba.

“Umma, kwana ashirin da biyu ke nan da na rasa uba. Har yau ban gama amsa gaisuwarsa ba. In kika tafi, a kan tabarmar nan za a zaunar da ni, matan nan su sake dawowa. Wallahi ba zan iya ba.”

Saude ta daɗe tana kallon fuskar 'yarta. Sannan ta ce, “Miƙo hijabin.”

Da ƙyar ta kai zaure, Ya Gana ta gefe guda, Munira ta gefe guda. Mazan da ke zaune suka kau da kai. A waje hasken rana ya kashe mata ido, ta hango matar gidan da ke kallon nasu tsaye a bakin ƙofa riƙe da tsintsiya, ta daina shara tana kallonsu.

A asibiti aka shafa mata wani ruwa mai sanyi a ƙafa, aka bi jijiyar da na'urar hoto. Likitar, wata siririyar mace mai tabarau, ta nuna mata wani duhu a allon, ta ce ga gudan jinin nan a bayan gwiwa. Da ta ji an so a murza, sai ta cire tabarau ta dubi Ya Gana ta ce Allah ya saka mata da alheri. Aka kwantar da Saude kwana uku, ana yi mata allurar tsinka jini, sannan aka mayar da ita kan ƙwayoyi, aka ba ta wata doguwar safa mai matse ƙafa tun daga idon sawu har gwiwa.

Tun rana ta biyu aka ce ta fara takawa. Ta riƙe kafaɗar Munira suka bi barandar asibitin har ƙarshe suka dawo. Iska ta taɓa fuskarta, ta hangi wata mai ƙosai a bakin ƙofar asibiti, ta ji hayaniyar titi. Daɗi ya kama ta har cikin ƙashi, sai kunya ta biyo baya nan take. Mijinta bai yi wata guda a ƙasa ba, ga ta tana jin daɗin barandar asibiti.

Ranar sallama likitar ta zauna a bakin gadonta. “Mama, ki saurare ni da kyau. Maganin nan zai hana gudan girma, amma sauran aikin naki ne. Da rana, duk awa ɗaya ki tashi ki yi tafiyar minti goma, ko a tsakar gida ne. Ki sha ruwa sosai. In kin kwanta ki ɗora ƙafar a kan filo. Kada ki sake naɗe ta a ƙarƙashinki. In kika koma irin zaman da kika yi, zai iya dawowa, kuma ba lalle ya tsaya a ƙafa ba.”

“In da baƙi fa, likita?”

“Ko wa ya zo.”

Suka iso gida da hantsi. Hajiya Lauratu ta tare ta a bakin ɗaki da murnar gaske, har da ƙwalla, tana ta sannu da hamdala. Ta wanke tabarmar ta shanya, ta sake shimfiɗa ta a kusurwar nan kusa da gado. Kuma ɗakin cike yake. Dangin Alhaji mata shida, waɗanda ba su sami zuwa da farko ba, sun iso daga Kano daren jiya, sun tarar mai takaba ba ta gida.

Saude ta zauna. Kafin ta ankara ƙafafun sun naɗe kansu a ƙarƙashinta, don jiki ya riga ya saba. Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka yi mata ya jiki.

“Ashe har kwanciya aka yi,” in ji wata.

“Kwana uku,” in ji wata, tana gyara mayafi.

Babbarsu, wata gwaggon Alhaji da haƙoranta suka zube, ta shiga ba da labarin takabar mahaifiyarsu Alhaji. Wai har ta gama wata huɗu da kwana goma rana ba ta ga tafin ƙafarta ba, ranar da ta fito sai da aka riƙe ta don ta manta yadda ake tafiya. Matan suka yi ta jinjina kai suna cewa matan da ke nan, Allah ya ji ƙansu. Ba wadda ta dubi Saude. Ba sai sun duba ba.

Agogon bango ya cinye awa guda. Sharaɓar ta fara ɗaurewa a cikin safa, wannan nauyin da ta riga ta sani yana dawowa a hankali. Munira ta zo ta tsaya a bakin ƙofa da kofin ruwa tana kallonta.

Saude ta dubi Hajiya Lauratu. Kalma ɗaya take roƙo, ko da “tashi” ce, ko ɗaga gira. Tsohuwar tana kallon carbinta, leɓɓanta na motsi, ƙwalla kwance a idonta. A nan Saude ta gane kalmar ba za ta zo ba, yau ko gobe ko ranar fita takaba. Matar nan ta goyi yaro, ya girma, ya tsufa, ya faɗi a zaure shi kaɗai, ita ma tana can Kano ba ta nan. Ba ta da inda za ta ajiye wannan ciwo sai a kan Saude, kuma ba za ta ɗauke shi ba.

Ta zare ƙafar hagu daga ƙarƙashinta ta miƙe ta a gaban baƙi, safar asibiti ta bayyana har gwiwa. Gwaggo ta tsaya a tsakiyar magana. Saude ta dafa gado, ta dafa bango, ta miƙe tsaye. Ta bi tsakanin matan tana cewa a gafarce ta, suna janye gwiwoyinsu, ta karɓi kofin a hannun Munira ta shanye tas, ta sa ƙafa a tsakar gida, rana tsaka, ƙofar zaure a buɗe.

“Saude,” in ji Hajiya Lauratu daga ciki. “Ina za ki?”

“Babu ko'ina, Yaya.”

Ta taka zuwa bangon gabas. Taku goma sha ɗaya ne. Ta juyo ta nufi randar ruwa, ta sake juyawa. A ɗaki ƙananan muryoyi suka fara tashi. Ba ta jin abin da suke faɗa, amma ta san shi, ta san kuma zai riga su isa Kano, a kuma ci gaba da faɗarsa a gidajen suna da na biki har bayan ranta: matar Garzali, wadda ya mutu ba ta gida, ko takabarsa ba ta iya zaunawa ba. Abin ya yi mata ciwo fiye da ƙafar. Hawaye suka zubo mata, ta bar su suna zuba, ta isa bango ta dafa shi ta juyo.

Saura minti takwas cikin goman likita, da kwana ɗari da biyar na takaba.